Da a ce za a ƙera jita da sunan ɗan Nijar, mi za mu canza mata?

Yau mun aje maganar taki da kuɗin hatsi gefe guda, za mu taɓa wata magana da wasu za su ce ta ƴan wasa ce. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, don akwai abincin wasu gidaje a cikinta.

Satin da ya wuce mun je wani buki nan cikin Madarumfa, an ba mu mikoro mu gabatar da baƙi kamar yadda aka saba. An ɗauko wasu samari huɗu masu kiɗan jita. Tun kafin su taɓa tsirkiya bafful ɗin ya kama ƙugi kamar an tada zuma cikin tulu. Mai jitar in ya ɗora hannu bisa tsirkiya sai ƙugin ya ragu, in ya ɗaga sai ya dawo. A waƙa ta ukku tsirkiya guda ta tsinke, sauran biyar ɗin duka suka saki saiti lokaci guda. Yaron ya juya baya yana murɗe-murɗe, mata suka fara tashi. Daga ƙarshe uban ango ya ce a jona wayar salula kawai a saki waƙoƙi. Da aka zo sallama, rabin abin da aka yi alkawali aka ba su.

Mun san yaron. Ya iya hannunsa, ba tun yau ba. Abin da ya kunyata shi a daren nan katako ne da waya. Kuma kowa ya san yadda bukin dare ya ragu a ƙauyukan bakin iyaka tun da matsalar ɓarayin shanu da masu satar mutane ta shigo, don haka duk bukin da ya kuɓuce wa makaɗi ba ƙaramar asara ba ce.

Kwana biyu bayan haka muka tara su a fada bayan isha'i, aka ɗora shayi. Akwai masu jita ukku, da wani mai gyaran rediyo da ke like masu waya in ta tsinke, da wani dattijo mai gurmi da ba a gayyace shi ba amma ya jawo kujera. Tambaya guda muka yi masu: da a ce wani kamfani zai ƙera jitar lantarki da sunan ɗan Nijar, ya ce ku faɗi abin da kuke so a canza, mi za ku ce?

Kafin mu kawo amsoshinsu, bari mu bayyana abin da ake nufi da jita mai suna. Kamfani ne ke zama da wani shahararren makaɗi, ya ƙera jita yadda makaɗin ke so, ya buga sunansa a kai, ya sayar wa duniya, shi kuma ya riƙa samun kasonsa. Kamfanin Gibson na Amurka ya fito da jitar Les Paul a 1952, sunan wani makaɗi ne. Kamfanin Fender ya fito da samfurin Stratocaster a 1954, a 1988 kuma ya fara sayar da wadda ke ɗauke da sunan Eric Clapton, makaɗin Ingila. Labarin ta Clapton na da daɗin ji. A 1970 ya sayi tsofaffin jita shidda a wani shago a birnin Nashville, ya kyautar da ukku, sauran ukkun ya kwance su, ya ɗauki jiki nan, ya ɗauki wuya can, ya haɗa guda wadda ya raɗa wa suna Blackie. An yi gwanjonta a 2004 a kan dalar Amurka 959,500. Wato jitar da ta yi wannan kuɗi haɗe-haɗe ce, irin abin da yaranmu ke yi kullum don dole.

Dalilin da ya sa tambayar ba mafarki ba ce shi ne Nijar na da masu jita da duniya ta sani. Bombino na Agadas ya shiga jerin ƴan takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na 2018, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, bahago ne, ana ganinsa da farar Stratocaster a manyan dandali na Turai da Amurka. Jitarsa ta farko da hannunsa ya yi ta, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan marigayi Abdallah Oumbadougou. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori, kafin wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ji su ya bi sawu. Ga kuma Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, mace da jita a hannu. To in an yi wa na Ingila, mi zai hana a yi wa namu?

Abu na farko da kowa ya faɗa baki ɗaya shi ne ƙugi. Mai gyaran rediyo ya yi mana bayani dalla-dalla. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai abin da suke kira mikoro, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. In tsirkiya ta kaɗa, sai ya maida kaɗawar ƴar wuta, ampili ya ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce wannan naɗi kamar eriya yake, yana kwaso har da kukan kuran da ke gudu cikin wayoyin gida, wanda a wajenmu yake juyawa sau 50 a daƙiƙa. A ƙasashen da aka ƙera jitar, yawancin mahaɗan wuta na da waya ta ukku da ke zuwa ƙasa ta kwashe yawancin wannan datti. Mu kuwa a filin buki waya biyu ce aka jawo daga gidan maƙwabci, ko daga janareto. Tun da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa lokacin da aka maido ta a Maris na 2024, janareto da sola suka ƙara zama abokan kowane buki, kuma ƙaramin janareto ba ya ba da wuta mai tsabta.

Maganin ya daɗe da samuwa. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ya ƙirƙiro mikoro mai naɗi biyu da ke kashe ƙugin juna, aka fara sa shi a jita a 1957. Sai ɗaya daga cikin samarin ya ce a sa wannan kawai a huta. Babbansu ya girgiza kai.

"Kai yaro, ka san mi kake hwaɗi kuwa? Wancan muryatai kauri gare ta. Kiɗanmu na son murya siririya mai kaihi, wadda in ka ja yatsa za ta tsaga iska. In ka kashe ƙugi ka kashe murya, mi ka yi?"

Nan aka ɗauki lokaci. Abin da aka tsaya a kai shi ne a bar mikoro mai naɗi guda, amma a lulluɓe ramin da wayoyin ke ciki da fallen jan ƙarfe tun daga kamfani, sannan a fito da wata ƴar kusa a bayan jita inda mutum zai ɗaura waya ya kai ta ga ƙarfen da ya kafa a ƙasa. Mai gyaran rediyo ya ce shi ya taɓa yin lulluɓin da takardar alminiyon ta kwalin sigari, kuma ƙugin ya ragu. Ya ƙara da gargaɗin da muke so kowa ya ji: in ka taɓa tsirkiya ka ji wuta na cizonka, ko leɓenka ya taɓa mikoron waƙa ka ji tsam, ka kashe kayan nan take. Wannan alamar ampili ne ke zubar da wuta, kuma tana iya kisa.

Abu na biyu shi ne wanda ya kada yaronmu a buki. Stratocaster na da wata ƴar sanda da ake dannawa murya ta yi lilo. Don ta yi aiki, gadar da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai ba a kafe take ba, resor ne a bayan jita ke ja ta baya, tsirkiyoyi shidda na ja ta gaba, kamar sikelin mai nama. In guda ta tsinke sikelin ya karkace, sauran biyar duka su tashi daga saiti. A cikin samarin ukku babu mai amfani da sandar, biyu ma sun ce tasu ta ɓace tun tuni. Kiɗan jitar Sahara a yatsa yake, bugu da ja da sauri bisa wuya, babbar tsirkiya na riƙe da amo guda a ƙasa. Suka ce a cire abin gaba ɗaya, a kafe gada da kusa. Da muka gaya masu cewa Clapton da kansa guntun katako yake cusawa ya toshe tasa, kuma haka kamfani ke sayar da mai sunansa a toshe, sai dariya ta ɓarke. Ɗayansu ya ce shi da guntun icen bedi ya toshe tasa, ashe dabarar manya yake yi bai sani ba.

Abu na ukku yanayi ne. Jita katako ce, katako kuwa na shan ruwa yana bushewa. Da damina, musamman mu da ke bakin tabki, wuyan jita na kumbura, tsirkiya na tsatsa cikin ƴan kwanaki in gumi ya zauna mata. Da hunturu ya busa sai katakon ya tsuke, bakin ƙananan ƙarafan da aka jera bisa wuya su fito waje suna yankar hannu. Wuyan kan lanƙwasa, tsirkiya ta yi nisa da katako, dannawa ta koma aikin ƙarfi. A cikin wuyan akwai dogon ƙarfe da ake murɗawa a miƙar da shi. Amma a wasu samfura bakin ƙarfen na ɓoye ne a gindin wuya, sai an kwance kafin a kai gare shi. Sannan ga abin takaici: ƙirar Amurka da inci take auna kusoshinta, kile ɗin da ke hannun makanikanmu kuwa na milimita ne. Ka sa wanda bai dace ba ka cinye kan kusar, shi ke nan. Buƙatarsu a nan mai sauƙi ce: bakin ƙarfen ya kasance a sama inda hannu ke kai, kowace kusa ta zama ta milimita wadda mai gyaran babur ke da kile ɗinta, a busar da katakon sosai kafin a sassaƙa, a goge bakin ƙarafan ya yi sumul.

Ƙura ma ta samu nata kaso. Buton ɗin ƙara murya da na sauya mikoro a buɗe suke ta ciki, ƙura ta shiga sai ka ji ƙarar-ƙarar duk lokacin da aka murɗa. Suka ce a sa rufaffu. Ramin da ake soka wayar ampili kuma kullum kwancewa yake, ya juya, wayar ciki ta tsinke, a ƙara masa abin da zai riƙe shi. Sai maganar batir. Jitar Clapton na da wata na'ura a ciki mai ƙara kaurin murya, tana cin batir mai bolt 9. Mai gyaran rediyo ya ɗaga hannu biyu sama.

"Don Allah kar a sa muna wanga. Ina za ka samu batir ɗin nan a ƙauye da ƙarhe goma na dare? Abin da ba ya da batir ba ya mutuwa tsakiyar waƙa."

Abu na huɗu shi ya fi taɓa mu. Ƙaramin cikinsu bahago ne. Ya ce tun yana yaro ake buge masa hannu in ya miƙa hagu, wannan ya karɓa, tarbiyya ce ta ci da gaisuwa. Amma jita ba tuwo ba ce. Duk jitar da ke shigowa kasuwa, ko ta Kano ta biyo Jibiya da Ɗan Isa, ko tsohuwa daga Kwatano, ta dama ce. Dole ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyi, ramukan da aka yanka wa siririya su karɓi mai kauri, buton ɗin su koma ƙarƙashin damtsensa yana murɗa su ba da niyya ba. Jimi Hendrix ma haka ya yi ta fama, jitar dama ya juya. Yaron ya ce in dai da sunan Mdou Moctar za a yi, to ta hagu ta zama ita ce asali, masu dama su ma su ɗanɗana jiran oda. Aka yi dariya, amma shi bai yi ba. Abin da yake nema shi ne a yi duka biyun, a kuɗi guda.

Duk wannan lokaci dattijo mai gurmi bai ce uffan ba, shayinsa yake kurɓa. Da aka zo maganar ado, wani na cewa a zana kuros ɗin Agadas, wani na cewa a bar ta fara, sai ya yi gyaran murya.

"Ku ɗiyan yanzu, kun kwana kuna neman ku kashe ƙara. Mu da gangan muke maƙala ɗan ƙarhe mai zobba a kan sanda don shi yi ƙara. Gurmin da ba ya zuza ai bai ƙoshi ba."

Mai gyaran rediyo ya ce, Baba, ai ƙarar taku tana bin kiɗa, in kun tsaya ta tsaya, ta kuran kuwa ba ta san an tsaya ba. Dattijon ya yarda da wannan. Amma maganarsa ta sa babban mai jitar ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya shi ma abin da yake nema ke nan lokacin da yake ƙure murya har ampili ya fara tsagewa, wannan zuzar ce kunnensa ya saba da ita tun yana goye. Dattijon ya ƙara da cewa shi gurminsa ƙwarya ce da fata da sanda, duk abin da ya lalace yana gyara shi kafin shayi ya nuna, kuma da irin wannan kaya marigayi Malam Maman Barka ya zaga duniya, Ɗan Maraya Jos kuma da kuntigi mai tsirkiya guda. Shawararsa guda ce: maɗaurin da ake rataya jitar a kafaɗa a yi shi da fatar jar akuyar Maraɗi, dukawanmu su ɗinka, don wani abu na kuɗin ya tsaya gida. Fatar nan dama sananniya ce a kasuwar duniya tun zamanin Turawa. Ba wanda ya yi musu.

Sai aka zo ga kuɗi, inda kowace hira ke ƙarewa. Sabuwar Fender ƙirar Amurka ta haura dalar Amurka 1,000, wato sama da sefa rabin miliyan, mai sunan wani kuwa ta fi haka. Yaron da ake sallama da ƴan jikkuna a buki, kuma a raba huɗu, yaushe zai tara? Babbansu ya faɗi abin da ya tsaya mana a rai. Ya ce in aka buga sunan ɗan Nijar a jitar da ba ɗan Nijar ɗin da zai iya saye, to an sayar da sunanmu ne kawai. Shi abin da yake so a yi mai araha, irin ta Squier, ƙaramin reshen Fender, a sa tsirkiya saiti biyu da kile a cikin jaka, kuma a samu inda ake sayar da kayan gyaranta a Maraɗi ko Yamai.

Mun koma gida muna tunani. Leo Fender, wanda ya ƙirƙiro wannan jita, bai iya kaɗa ta ba. Mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Shi ya sa ya ɗaure wuyanta da kusa huɗu maimakon ya like shi, don in ya lalace a kwance a sa wani. Kuma makaɗa yake saurare. Jitar farko matsayi ukku gare ta na sauya mikoro. Makaɗa suka gano cewa in suka tsayar da buton a tsakanin biyu ana samun wata murya mai daɗi, har wasu na soka tsinken ashana don ya tsaya. Sai a 1977 kamfanin ya maida matsayin biyar. Abin da ya fara a matsayin dabarar masu fama shi ne yau ke kan kusan kowace Stratocaster. Dabarun yaranmu na icen bedi da takardar sigari daga irin wannan fama suka fito.

Ba mu ce wani kamfani na kan hanya ba. Amma da muka ƙirga abin da samarin suka lissafa, fiye da rabi ana iya yinsa nan gida: lulluɓe rami, toshe gada, goge bakin ƙarfe, kafa wayar ƙasa, ɗinka maɗauri. Abin da ya rage shi ne mai koyarwa. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya. Da za a samu wani daga can, ko wani tsohon ɗan orkes na Maraɗi, ya zo gidan samari ya zauna kwana ukku da masu gyaran rediyo da kafintoci da makaɗa, da an rage irin kunyar da muka gani. Mun san akwai iyayen da ba su son ɗansu ya riƙe jita, kuma muna girmama ra'ayinsu, shi kansa Mdou Moctar gidansu ba su so ba da farko. Amma wanda ya riga ya ɗauke ta sana'a, yana ciyar da mahaifiya da ita, ya cancanci kayan aikin da ba za su tozarta shi gaban jama'a ba.

Yaron bukin nan ya kai jitarsa wajen mai gyaran rediyo shekaranjiya. An toshe gada, an lulluɓe ramin, an like wayar da ke rawa. Kuɗin aikin bai kai abin da aka zabge masa a daren nan ba. Yana da wani buki ranar Asabar a wani ƙauye kan hanyar Ɗan Isa, mun ce masa ya tafi da tsirkiya ta ajiya da guntun rodi na kafawa a ƙasa.

Masu jita da ke karanta mu, na Maraɗi da Tasawa da Gidan Runji da Damagaram, har da ƴan'uwa na Katsina, ku rubuto mana a ƙasa abin da ku za ku canza da abin da ba ku yarda a taɓa ba. Za mu karanta amsoshin a shirinmu na rediyo, mu kuma kai su fada a ci gaba da gardama. In akwai mai tsohuwar jitar hagu da ke kwance a ɗaki, ya yi mana magana, akwai mai buƙata. Allah ya ba kowa sa'ar sana'arsa, ya zaunar mana da ƙasa lafiya.